Man da Ya Ɗiga a Lambun Albasa

Ranar wata Juma'a ta tsakiyar bazara aka sace injin ruwan matan Marken Bawa, wani ƙauye kusa da Dumega, kuma da rana tsaka aka sace shi. Maza sun tafi masallaci Dumega, har da tsohon da ke gadin lambun, mata kuwa sun taru gidan suna a ɗaya gefen gari. Da la'asar Kaltume, shugabar matan lambu, ta je buɗe ruwa ta tarar an yanke tiyo, an zaro injin daga rijiya, an kwance akwatin da ke haɗa shi da allunan sola. Allunan kaɗai aka bari tsaye.

Kafin magariba gari ya yanke hukunci. An ga sawun tayar mota a bakin rijiya, an kuma ga inda mai ya ɗiga. To, wa ke da motar da ba ta tsayawa wuri ba ta bar tabo ba? Naziru direba, mai tsohuwar Fijo da ke kai kayan lambu kasuwar Dogon Dutsi. Aka kuma tuna ba a gan shi a masallaci ba. Samari suka far wa motar da duwatsu, suka farfasa gilasanta, dutse ɗaya ya same shi a ido. Da ƙyar Maigari ya ƙwace shi ya kulle a zaurensa, ya ce ran Litinin jandarmomi za su zo daga Tibiri su tafi da shi.

Kaltume ba kama mutum ne ya dame ta ba, injin take so. Tumatir da barkono da zogalen mata fiye da talatin na tsaye cikin zafin da ke dafa ƙwai, rijiyar kuwa ta yi zurfin da guga ba zai shayar da lambun ba. Da asubar Asabar ta aika a kira Iro mai bin sawu.

*

Iro ya haura sittin. A ƙuruciyarsa ya bi ɓarayin shanu har tsallaken iyaka, ya sha dawo da raƙuman da suka ɓata a daji. Yanzu gwiwa ta fara ba shi wuya, ɓarayi kuma sun daina tafiya a ƙasa, sai a babur da mota, amma har yanzu in abu ya ɓata tsakanin Tibiri da Dumega shi ake fara nema. Yana da ɗabi'a guda da mutane ba sa so: ba ya yarda da wanda ya riga kowa ba shi labari.

Ya tarar da lambun kamar an ci kasuwa a cikinsa. Duk wanda ya ji labari ya zo ya gani da idonsa, awaki ma sun shiga ta ƙofar da aka bari buɗe. Sawun tayar ya mutu. Ya tsaya yana girgiza kai, Kaltume na gefensa tana nuna masa ɓarna. Ta kai shi inda suka shanya kawunan irin albasa a kan tamfol, gab da rijiya. Motar ta yi baya ta hau kan shanyar, ta murƙushe rabi, irin da suka yi wata da watanni suna jira ya watse cikin rairayi.

Iro ya durƙusa da ƙyar. A wani lanƙwashin tamfol ɗin mai ya taru, bai kai cikin cokali biyu ba. Nan motar ta tsaya sa'ad da ake loda injin. Ya tsoma yatsa ya ɗaga sama. Man garau yake tas, launin zuma, kuma yana gudu a fata kamar ruwa. Ya roƙi Kaltume kwalbar magani wadda ba komai ciki, ya tsiyaye shi a hankali ya toshe.

Daga nan ya bi ɗigon. Inda motar ta tafi a hankali ɗigon na kusa da juna, inda ta saki gudu ya yi nisa da juna. Ya bi shi har hanyar burji, nan kuwa garken shanu ya wuce da safe ya shafe komai. Bai iya sanin ko arewa ta yi ko kudu ba.

*

A zauren Maigari ya sami Naziru zaune a ƙasa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ya ce zazzaɓi ne ya hana shi masallaci, yana kwance ɗakinsa tun hantsi. Wa ya gan shi? Babu, matarsa na gidan suna. Ina motar take? Ƙofar gida. Makulli fa? Ƙarƙashin matashinsa. Duk amsar da ya bayar ba mai tsaya masa, shi ma ya san haka.

Iro bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya fita ya je inda Fijon take cikin fasassun gilasai, ya tura sandarsa ƙarƙashinta ya jawo. Abin da ya maƙale a sandar baƙi ne wuluk, mai kauri kamar kwalta. Ya koma ya tambayi Naziru yaushe rabonsa da canza mai.

"Canzawa, Baba? Ni ƙari nika yi. In ya ragu in zuba, kowane iri na samu. Tun damina ba a yi mata bidanji an juye tsohon ba."

A bakin zauren akwai masu jiran su ji abin da mai bin sawu zai ce. Cikinsu har da Zaidu, ƙanen Kaltume uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekaru a Kwatano ya dawo bara da wata tsohuwar Marsandi. Zaidu bai cikin masu jifa, shi ne ma ya taya Maigari janye Naziru. Ya gaida Iro da ladabi, ya ce shi dai tausayin yayarsa yake ji, kuma in ana bincike kada a manta da Mushe Zakariya, kamar yadda ake kiran 'yan boko, malamin gona na Tibiri, don kwanan baya sun yi cacar baki da matan har ya ce lambun nan ba zai kai baɗi ba. Zakariyan ma yana da tsohuwar mota, kuma ya san yadda ake kwance injin.

Iro ya ce ya ji. Ya ce gobe zai shiga Dogon Dutsi. Zaidu ya ce ai shi ma can ya nufa, sai su tafi tare.

*

Da safiyar Lahadi Iro ya isa ƙofar gidan su Zaidu tun kafin a fito da motar daga rumfarta. Marsandin na sheƙi, an wanke ta har tayoyi. Abin ya ɗan tsaya masa a rai, ganin garin da tun shekaranjiya mata ke jan ruwa da hannu. Da Zaidu ya ja motar baya, Iro ya dubi inda ta kwana. An share wurin, an zuba sabon rairayi, ba ko sawun kaza.

Ya shiga ya zauna. Mutum na iya son tsabta. Mutum na iya son motarsa fiye da kima, Zaidu kuwa kowa ya san haka yake. A hanya ya yi ta yabon ta, yana cewa ta haura kilomita dubu ɗari huɗu amma ko sabuwa ba ta fi ta lafiya ba. Ya tambayi Iro wurin wa za shi. Iro ya ce wurin masu sayar da man inji, bakin kwalta. Zaidu ya ce ashe ya manta, akwai wanda ke jiran sa bayan kasuwa, sai dai ya sauke shi a tasha.

*

Shago na uku da Iro ya shiga na wani saurayi ne, Abdulwahabu, mai ɗan gemu da wando iya ƙwauri, galan-galan jere a bayansa har rufi. Masu shaguna biyun farko sun dubi kwalbar sun ce mai dai mai ne. Shi wannan ya karɓa ya karkata ta, ya ɗiga a bayan wani faranti, sannan ya buɗe galan biyu ya ɗiga nasu a gefe, ya jingina farantin. Ɗigo biyu suka gangara tare, na ukun ya biyo su a hankali.

Ya ba Iro kujera ya yi masa bayani. Wanda ya yi saurin gangarawa shi ake kira santetik. Shi ne mafi kyau kuma mafi tsada, ba ya ƙonewa da wuri, yana jure zafi, yana wanke cikin inji. Ɗayan, sami-santetik, gauraye ne, rabi wancan rabi na gargajiya, kuma wanda suke sayarwa ya fi kauri. Iro ya ce to ai sai kowa ya sayi mai kyaun in yana da hali.

"A'a, Baba. Motar da ta tsufa, robobin da ke toshe bakunan injinta sun bushe sun tsage, datti ne ya liƙe tsagar shi ya sa ba ta yoyo. Ka zuba mata santetik, sai ya wanke dattin, shi kuma ga shi ba kauri, sai ya bi tsagar ya fito. Ba man ne ya ɓata ta ba, tona mata asiri ya yi. Shi ya sa nake ce wa mai tsohuwar mota, ko ka canza robobi ka sha santetik, ko ka tsaya ga sami ka zauna lafiya."

Ya ƙara da cewa ba zai rantse ba, amma na kwalbar ya yi kama da santetik, kuma bai daɗe cikin inji ba, tun da bai yi duhu ba. Iro ya tambaye shi wane mai tsohuwar mota ne ya sayi irinsa kwanan nan. Nan saurayin ya ɗaure fuska. Ya ce shi ba ya son ya jefa Musulmi cikin zargi a kan abin da bai gani ba, sayen mai ba laifi ba ne. Iro bai matsa masa ba. Ya dai ba shi labarin Naziru, da idon da ya rufe, da jandarmomin da za su zo gobe, ya ce shi ma Musulmi ne, kuma an riga an jefa shi.

Abdulwahabu ya daɗe yana goge farantin. Daga baya ya ce mutum biyu ne. Ɗaya Mushe Zakariya na Tibiri, wanda ya zo da kansa, ya ba shi shawara ya ƙi ji. Ɗayan bai ga fuskarsa ba, ɗan kabu-kabu mai babur ya aiko, suka yi magana ta waya. Shi ma ya tambaye shi shekarun motar, ya ce masa ya ɗauki sami, mutumin ya ce motarsa ba ta shan gauraye. Jiya Asabar da safe sai ga wani ɗan kabu-kabun daban da saƙo daga murya ɗaya, a ba shi sami-santetik maza, motar na zubar da mai. Suna bai sani ba, lamba ma bai gani ba, don da wayar ɗan kabu-kabun suka yi magana.

*

Iro ya hau motar kasuwa ya sauka Tibiri da azahar. Ya sami Mushe Zakariya a gida, mutum mai ƙiba da tabarau, wanda bai ɓoye ɓacin ransa ba da ya gane abin da ya kawo baƙon. Ya ce e, ya yi faɗa da matan, a kan wani maganin ƙwari da suke saye a kasuwa ba takarda ba suna, ya ce musu in ba su bari ba ƙasar za ta mutu. Wannan ne sata? E, ya sayi santetik. E, motar ta yi yoyo kamar kwando, har matarsa ta hana shi shigar da ita gida.

Ga mai, ga faɗa, ga sanin inji. Ya tambaye shi ina motar take ran Juma'a.

Zakariya ya sa takalmi ya ce ya biyo shi. Suka je garejin da ke bayan tasha. Motar na nan an ɗora ta kan duwatsu, makaniki na ƙarƙashinta. Makanikin ya ce tun Laraba take nan ba ta motsa ba, sun sauke rabin injin suna jiran robobi daga Dosso, jiya suka iso, yau zai gama. Masu shayi da mai faci da ke gefe duk suka ce haka ne. Zakariya ya ce shi ya zaɓi ya gyara ya ci gaba da man mai kyau, don yana son motar ta kai shi ritaya.

Iro ya ba shi haƙuri. A hanyar komawa hushin Zakariya ya sauka, har ya tambayi wa ya ambaci sunansa. Iro ya ce ba ya faɗin wannan. Zakariya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ba sai an faɗa masa ba. Akwai wanda ya zo ofishinsa bayan girbi yana tambaya, filin da mahaifi ya ba ƙungiyar mata aro, in lambun ya daina aiki, yana komawa ga magada? Ya ce masa a al'ada haka ne, muddin an bar noma shi. Mutumin ya yi godiya ya tafi. Filin na mahaifin Kaltume ne, mai tambayar kuwa ƙanenta.

Iro ya roƙe shi alfarma guda, in motar ta tashi, ya zo da ita Marken Bawa gobe da hantsi.

A motar da ta mayar da shi ƙauye ya yi ta juya abin. Duk abin da ke hannunsa zato ne. Share rumfa ba laifi ba ne, tambaya a ofis ba laifi ba ce. Irin man da ya ɗiga a lambu kuwa an riga an juye shi daga motar Zaidu, an sa wani. Sai ya tuna abin da saurayin ya ce, mai marar kauri yana bin kowace tsaga. In haka ne, bai tsaya wuri ɗaya ba, ya shafe cikin motar ta ƙasa. Abin da ya jiƙe da mai kuwa, duk abin da ya taɓa sai ya kama. Mai wanke mota yana wanke inda ido ke gani ne.

*

Ran Litinin da hantsi ƙofar Maigari ta cika. Jandarmomi biyu sun iso sun zauna a inuwa, babbansu ya ce ya ba mai bin sawu ɗan lokaci, daga nan za su tafi da wanda aka ba su. Iro ya sa aka share fili, aka turo Fijon Naziru, Zakariya ya ajiye tasa a gefenta. Sannan ya juya ya ce wa Zaidu, tun da motocin da ke shiga garin nan uku ne, ya kawo tasa don kada a ce an yi son kai.

Aka yi ƙananan maganganu. Kaltume ta dubi Iro da mamaki. Zaidu ya yi murmushi ya ce ba komai, ya je ya kawo ta.

Aka tada injuna aka bar su suna aiki har suka yi zafi, sannan aka ja kowace baya. Inda Fijo ta tsaya akwai baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Inda ta Zakariya ta tsaya ba komai. Inda Marsandi ta tsaya ɗigo biyu ne ƙanana. Iro ya fito da kwalbarsa ya nuna wa Maigari da jandarmomi, ya ce wannan ne man da ya ɗiga a lambu, ya sa aka kwatanta da baƙin tabon. Ko yaro ya ga ba ɗaya ba ne. Wasu daga cikin samarin suka fara sunkuyar da kai.

Zaidu ya riga kowa magana. Ya ce to a taɓa nasa ma a ji, nasa mai kauri ne, sami-santetik, ba irin wancan ba. Babban jandarman ya murza ɗigon a yatsa ya ce gaskiya ya fi kauri.

Iro ya ce haka ne. Ya roƙi a ara masa farin kwanon sha da cokali. Ya miƙa sandarsa ga na kusa, ya kwanta a ƙasa da ƙyar, ya ja jiki ƙarƙashin Marsandin har sai ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ba a jin komai sai ƙarar cokali yana kankarar ƙarfe. Da ya fito, rigarsa ta ɓaci, cikin kwanon akwai dunƙulen laka mai maiƙo da ya kankaro daga bayan wani ƙarfe, inda ruwan wanki bai kai ba. Ya sa aka zuba ɗan kananzir ya dama da yatsa. Lakar ta narke. A ƙasan farin kwanon ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu kusurwa suka kwanta, da ɓawon fure busasshe.

Bai kai wa Maigari ba. Ya miƙa wa Kaltume, ya ce ta gaya wa jama'a mene ne wannan.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce irin albasa ne.

Zaidu ya ce to sai me? Lambun yayarsa ne, filin ubansa ne, sau nawa ya shiga da mota? Ko a hanya ma mota na iya kwasar irin wannan. Wasu suka gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da gaskiya. Iro bai da abin da zai ƙara. Abin da ya rage yana bakin mace ɗaya, kuma ya san tana iya yin shiru a tashi a haka.

Kaltume ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Zaidu, ran Juma'a da safe munka shanya irin nan, kafin mu tahi gidan suna. Babu mai irin albasa a garin ga sai mu. Kai kuma da bakinka ka ce mini tun asuba kana Dogon Dutsi, can ka yi Juma'a."

"Yaya..."

"Ina injin?"

Ya dubi jandarmomi, ya dubi Maigari, ya dubi hanya. Sannan ya zauna a kan gaban motarsa. Ya ce bai sayar ba, bai taɓa niyyar sayarwa ba. Yana cikin tsohon rumbun gonar babansu, an rufe da kara. So yake lambun ya bushe bazara ɗaya kawai, matan su watse, filin ya dawo gida ya dasa mangwaro. Ya ce bai zaci za a taɓa Naziru ba, shi ya sa ya shiga ya janye shi.

Naziru, wanda aka fito da shi yana tsaye jikin bango, ya ce amma kwana uku yana kulle, Zaidu na wucewa ta ƙofar zauren yana yi masa sannu.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce tun da kaya na nan, kuma abin na cikin gida ne, ko za a bar shi a gyara a gida. Ya dubi Kaltume. Ta ce injin ba nata ba ne ita kaɗai, idon kuma ba nata ba ne ko kaɗan, ba ta da bakin yafe ko ɗaya. Jandarmomi suka tashi suka karɓi makullin Marsandin.

*

Kafin la'asar an dawo da injin a amalanke. Zakariya ya tuɓe riga ya taya haɗa wayoyin, ruwa ya taso. Tumatir ya riga ya tafi, rabin barkono ma haka, zogale ne ya jure. Iyayen samarin da suka yi jifa suka je gidan Naziru da Maigari a gaba, aka yi maganar gilasai da ta asibiti. Naziru ya saurare su bai ce ya huce ba.

Iro na zaune a bakin lambu yana murza gwiwarsa, yana jiran babur ɗin da zai kai shi gida, Kaltume ta zo ta tsaya kusa da shi da tiyo a hannu. Idanunta sun yi ja amma ba ta kuka. Ta tambaye shi ko tun kafin taron ya san ƙanenta ne. Ya ce ya yi zato tun jiya.

"To mi ya hana ka zo ka faɗa mini ni kaɗai, Malam Iro? Sai a gaban gari?"

Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Da na faɗa miki jiya, da kin bar ni na shiga ƙarƙashin motar nan yau?"

Ruwa na zuba daga tiyon yana jiƙa mata ƙafa, ba ta matsa ba.

"A'a," ta ce. "Da ni da kaina zan wanke ta."

Ta juya ta shiga cikin barkonon, ta fara daga layin da bai gama mutuwa ba.